Yadda munka dasa rediyon CB a dashbod ɗin Hilux ɗina

Duk mai jigilar shinkafa daga fadamar Suru ko ta wajen Bunza zuwa Birnin Kebbi ya san inda sabis ke ɗaukewa ba sai an gaya mai ba, kana sauka daga kwalta ka kama burji sandunan sabis su fara zubewa ɗaya bayan ɗaya har wayar ta koma ba ta da wani amfani sai haska tocila. Mu motoci biyu gare mu, ni ina jan tsohuwar Hilux, ƙanena na jan Kanta, galibi tare muke shiga amma ba tare muke fitowa ba don shi sai an gama lodi. In taya ta fashe ko mota ta kafe a laka sai dai ya tari mai mashin ya aiko shi nemana. Ga kuma abin da maƙwabtanmu na Zamfara sunka gani a watan Satumba na 2021, da anka rufe layukan waya na jihar gaba ɗaya saboda matsalar tsaro, mutane sunka yi makonni ba kira ba saƙo. Tun lokacin nake da tunanin oba-oba a raina.

Ƙananan na hannu ɗin nan da 'yan banga da masu gadi ke riƙewa ba su kwanta min ba, kullum sai caji, kuma in kana cikin mota ƙarfen bodi na tare sigina. Ita CB, wato oba-oba ta mota, batirin mota take sha, eriyarta na waje. Asalinta daga Amurka ne, a 1958 hukumar sadarwarsu ta FCC ta ware ma talakawa tashoshi 23 a kan megahaz 27, a 1977 anka ƙara sunka koma 40, daga 26.965 zuwa 27.405. Waɗanda sunka tashi da sauraron BBC da Muryar Jamus a gajeren zango sun san mita 16, mita 19, mita 25, to ita wannan tana kan mita 11. Abin da ya sa ta yi tashe can shi ne tsadar mai ta 1973, da gwamnatinsu ta ƙayyade gudu zuwa mil 55 a awa, sai direbobin tirela sunka riƙa gaya ma juna inda ake samun mai da inda 'yan sanda sunka laɓe. Direba dai direba ne ko a ina yake. Har yanzu tasha ta 19 ta direbobi ce a can, ta 9 kuma ta neman agajin gaggawa.

Kafin maganar sukundireba akwai maganar takarda, kuma ita na fara bi. A Amurka tun 1983 sunka daina neman lasisi a kan CB, amma nan ba Amurka ba ne, na'urar da ke aika magana ta iska sai da izini, hukumar sadarwa ta ƙasa NCC da ma'aikatar sadarwa ta tarayya su ke da hurumin rabon zango. Ga halin da yankinmu ke ciki kuma, mutum ya tunkari shingen sojoji da doguwar eriya da makirfo a rataye ba wata takarda a hannu, ai ya sayo ma kanshi dogon bayani. Rasit da takardun duk suna cikin aljihun dashbod, kuma na je da ƙafata na sanar da jami'an tsaron da ke kan hanyarmu da maigarin da muke lodi a ƙasarshi, don kar wani ya hango abu a kan mota ya fassara shi yadda ya ga dama.

Rediyo biyu na samu, waɗanda anka yi amfani da su ne, wurin wani mai kawo kayan kwatano. Ɗaya Cobra 29, babba mai maɓallai da yawa, ɗayar ƙarama Uniden PRO520XL. Dukkansu AM ne masu tasha 40 irin na Amurka, kuma wannan sai an lura, don akwai na Ingila da ke aiki da FM a kan wasu lambobi daban, in ka haɗa su da na Amurka kowa zai yi ta ihu shi kaɗai. Ƙarfinsu wat 4 ne kacal. Mai kayan ya so ya haɗa min da wani akwati wai na ƙara ƙarfi, na ce a'a, in eriya ba ta zauna daidai ba ko wat ɗari ka zuba asarar kuɗi ce.

Ni so na yi babbar ta shiga motata, amma ramin rediyon mota faɗinshi milimita 180 ne, tsayi 50, ita kuwa Cobra ta ɗan fi haka ta kowane ɓangare. Oga rewaya ya juya ta, ya gwada, ya ce "Alhaji, wagga ba ta shiga sai an yanke roba, in ɗauko zarto?" Na ce Oga bar min dashbod ɗina yadda Allah ya yi shi, robar da ta sha ranar Kebbi shekara da shekaru kana sa mata zarto tsagewa za ta yi har wajen ramin esi. Sai munka yi musanya, ƙaramar ta zauna wurina, babbar ta tafi Kanta inda akwai fili sama da gilashi.

A Hilux ɗin rami biyu ne a jere, na sama rediyon mota, na ƙasa wani ɗan aljihu da nake zuba goro da rasit ɗin mai. Shi munka cire. Farko an kwance baƙin kan batir tukuna. Murfin gaban kuma ba kusoshi kaɗai ke riƙe da shi ba akwai 'yan ƙugiyoyin roba a ciki, sai Oga ya naɗe bakin sukundireba da tsumma yana ɗagawa a hankali daga ƙasa yana bi gefe-gefe, kana jin ƙas, ƙas, suna saki. In motarka mai eyabag ce za ka ga soket masu ruwan ɗorawa a can ciki, waɗannan ba a taɓa su ko da wasa. Ƙurar da munka tarar a bayan murfin nan kuwa, da ɓawon gyaɗa da wata tsohuwar naira ashirin, sai da yaron shago ya kawo buroshi.

Rediyon ta fi ramin ƙanƙanta sosai, don haka sai da mai walda ya lanƙwasa mana falange ya yi mata mazauni mai kunne biyu da ke hawa kan ramukan kusoshin aljihun da munka cire, ba mu huda ko'ina ba. Gaban kuma an yanko baƙar roba an fafe daidai fuskar rediyon an rufe giɓin. Abin da na nace a kai shi ne a bar sarari a bayanta da samanta, don in kana magana tana ɗaukar zafi, ga zafin Maris da Afrilu da ke haura digiri 40 a inuwa balle cikin motar da anka rufe. Shi ya sa ma ban yarda da masu ɗora ta saman dashbod ba, rana ta gasa ta, ɓarawo ya hango ta, in an taka birki da ƙarfi kuma ta taho ma fuska. Sifikarta a ƙasan cikinta take, tana shiga rami sai murya ta dushe, sai munka jona wata ƙaramar sifika ta ramin da ke bayanta munka ɗaure ƙarƙashin dashbod wajen fasinja. Maratayin makirfo na gefen hagun giya inda hannu ke kaiwa ba sai ka ɗauke ido daga hanya ba, kuma igiyar ba ta naɗe sitiyari.

Wajen wuta munka ɗan ja da Oga. Shi so yake ya ɓare wayar ramin caja ya murɗa ya naɗe da salatif a wuce wurin, ya ce haka yake ma kowa. Na ce wannan layin da shi da fanka da waifa da rediyo duk dangi ne, duk ƙarar da ɗaya ya yi sai ta fito a sifika. Jar waya ta tafi kai tsaye zuwa jan kan batir, da fis na amfiya 3 dab da batirin, ba can kusa da rediyo kaɗai ba, don in wayar ta goge a hanya ta taɓa ƙarfe fis ɗin da ke kusa da batir shi zai cece ka daga gobara. Mun bi da ita ta cikin robar nan da wayoyin mota ke ratsawa daga wajen inji zuwa ciki, anka sa mata rigar roba, anka nisanta ta da salansa. Baƙar kuma gajera, an kankare fenti an ɗaure ta da noti a jikin bodi. Ya yi gunaguni ya ce "kai dai Alhaji ka cika son wahala", amma ya yi aikin tsaf, hannunshi na da kyau. Illar wannan haɗin ɗaya ce, ko ka zare makulli rediyon na nan kunne, sai ka saba da kashe ta da hannu in za ka kwana.

Duk wannan da na faɗa somin taɓi ne. Aikin na ga eriya, kuma nan ne na ga yawancin mutane ke yin sakaci, su kashe kuɗi a kan akwati mai fitilu sannan su maƙala kowane irin ƙarfe a bamba su ce rediyo ba ta da kyau.

Tunda zangon mita 11 ne, cikakkiyar eriya rubu'inshi ce, wajen mita 2.7, ita ce doguwar bulalar ƙarfen nan da ake ce ma mai inci 102. Ita ta fi kowacce kai magana nesa amma ka ɗora wannan a kan Hilux ka shiga lungunan Birnin Kebbi, rassan dogonyaro da wayoyin wutar da anka ja ƙasa-ƙasa ba za su bar ka ba, na biyun ma haɗari ne na gaske. Sai na ɗauki matsakaiciya wadda ta ɗan haura mita ɗaya, mai naɗin waya a gindi, naɗin ne ke cike gurbin tsawon da anka rage. Sannan abin da ba kowa ya sani ba, sandar da kake gani rabin eriya ce, ɗaya rabin jikin motar ne da kanshi. Shi ya sa tsakiyar rufi ya fi ko'ina, ƙarfe ya kewaye ta ta kowane gefe. Akwai mai maganaɗisu da ake ɗorawa kawai, amma a burjinmu mai gargada ga reshe na duka, na san wata rana a gona za mu tsince ta. Huda rufi kuma raina bai so ba saboda damina. Sai munka tsaya a kan ƙarfen nan na bayan kai, wanda ke tare kaya kar su fasa gilashin baya, anka yi mata mazauni a tsakiyarshi yadda naɗin da duk sandar sunka haura saman rufi, kuma ko an yi lodin buhuna ba su kai gare ta.

Wurin ɗaure gindin akwai wata 'yar farar roba mai wuya, ita ke raba sandar da mazaunin ƙarfe. A sama take zama, wuyanta ya shiga cikin hudar. In anka juya ta ko anka manta da ita, sandar ta taɓa bodi, to kana danna makirfo kana kashe rediyonka. Oga ya sa mitarshi ya gwada, tsakiyar waya da sanda ta yi ƙara, tsakiyar waya da bodi shiru, haka ake so.

Ita wayar eriyar ma da nata zancen. An aiki yaro kasuwa ya dawo da farar wayar dish, ya ce mai shago ya ce duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Ta dish om 75 ce, ta CB om 50, RG-58 ake rubutawa a jikinta, kanta kuma wani mai kauri ne mai zare da ake kira PL-259, da dalma ake kama tsakiyarshi, kuma ko silin gashi ɗaya na ragar waje ya taɓa tsakiya aiki ya ɓaci. Sa'a eriyar ta zo da tata wayar mai tsawon mita biyar da rabi, sai anka mai da ma mai shago wayar dish ɗin. Mun shigo da ita ta wata robar da ke ƙasan kujerar baya, ta bi ƙarƙashin kafet har dashbod, ba ta bakin ƙofa ba inda za a riƙa datse ta kullum. Ragowar ba a naɗe ta ƙanƙan kamar zobe, an yi mata dogon naɗi sakwa-sakwa an kwantar ƙarƙashin kujera.

Daga nan sai awo. Akwai wata 'yar mita da ake kira SWR, tana shiga tsakanin rediyo da wayar eriya, ita ke nuna nawa ne daga ƙarfin da rediyo ta tura ya fita iska, nawa ya dawo mata. Duk mai noman rani ya san abin da ke faruwa in tiyo ya toshe injin ban ruwa na aiki, ruwa bai fita ba, inji na ta nishi har ya ƙone, to haka rediyo take da eriyar da ba a daidaita ba. Ba a yin awon cikin gareji, sai munka fita fili bayan gari nesa da gini da turakun wuta, anka rufe ƙofofi da bonet, kowa ya matsa daga jikin mota. Ka sa tasha ta 1, maɓallin mita na kan FWD, ka danna makirfo ba ka magana, ka murɗa har allura ta hau layin ƙarshe, ka mai da shi REF ka karanta. Ka sake haka a tasha ta 40. Ƙasa da 1.5 ya yi kyau, har zuwa 2 ana lallaɓawa, in ta kai 3 ka saki makirfo nan take.

Tamu ta haura 3 a duka biyun, allura na cikin ja. In duka biyun sunka yi sama haka ba maganar tsawo ba ce, haɗi da bodi ne babu. Da ma na zarga, don ƙarfen bayan kan ya sha fenti a wurin fanal bita kuma tsakaninshi da bodin akwai tsatsa da roba. Oga ya sa samfefa ya goge ƙarƙashin mazaunin har ƙarfe ya yi fari yana ƙyalli, ya kawo faffaɗar wayar tagulla saƙaƙƙiya, gajera, ya ɗaure daga mazaunin zuwa bodi, wata kuma daga bodin baya zuwa shasi, ya shafe wuraren da giris saboda tsatsa. Da munka sake gwadawa allura ta sauko, tasha ta 1 na wajen 1.6, ta 40 na wajen 2.3. Ƙa'idar mai sauƙi ce, in ta 40 ta fi yawa eriya ta yi tsawo, in ta 1 ta fi yawa ta yi gajarta. Sai a sassauta ɗan kusan da ke riƙe da sandar da alanki, a tura ta ciki kaɗan, kaɗan fa, abin da bai fi kaurin ƙwayar shinkafa biyu ba, a ɗaure, a koma cikin mota a rufe ƙofa a sake awo. Shiga da fita, shiga da fita, rana na dukanmu, Oga na cewa shi tunda yake bai taɓa ganin ana auna eriya da mita ba. Da sandar ta kai ƙarshen raminta sai da anka zare ta anka rage ɗan guntu da zarto daga gindi. Mun tsaya inda duka biyun ke wajen 1.4, tasha ta 20 kuma allura da ƙyar take motsi.

Da na ta da inji sai ga wani siririn kuka a sifika, in na taka totur ya ƙaru in na saki ya ragu, wannan altaneta ce. Maɓallin rage ƙara na jikin rediyo, wanda anka rubuta ma ANL, ya rage wani abu, ƙara tsaftace kan batir da wayar da ta haɗa inji da bodi ya rage saura. Amma babbar mai laifin ashe cajar waya ce, irin wadda ake saidawa a tasha, ina zare ta sai tsit. Fitilun LED na kwalliya ma haka suke yi. Shi kuma maɓallin sikwelc, ka murɗa shi a hankali daidai inda shuuu ɗin ya yanke ka tsaya nan, in ka zarce ka toshe muryar wanda ke nesa.

Ta Kanta ba ta ba mu wuya ba sai abu ɗaya, ita batir biyu gare ta, bolt 24, rediyon kuwa ta bolt 12 ce, ka jona kai tsaye hayaƙi za ka gani. Wasu na ɗiba daga batir ɗaya, yana yi, amma batiran ba za su riƙa cika daidai ba, ɗaya zai riga ɗaya mutuwa. Kwanbata munka sa mai sauko da 24 zuwa 12. Ita Cobra da mitar awonta a jiki, sai abin ya zo da sauƙi.

Gwaji a hanyar Kalgo zuwa Bunza munka yi shi. Ƙanena ya tsaya gefen hanya ni na yi ta tafiya ina kira ina duban mitar kilomita. Har wajen kilomita goma ina jin shi rau, "Yaya ina jinka, ci gaba da tahiya", daga nan murya ta fara nutsewa cikin shuuu. A shimfiɗaɗɗiyar fadama tana ɗan fin haka, cikin gari kuwa tsakanin gine-gine da janareto ko rabin haka ba ta kaiwa. Wanda ke tunanin zai zauna Birnin Kebbi ya kira Yauri ko Zuru da ita ya haƙura, ba aikinta ba ne. Abin dariyar shi ne wani lokaci da rana tsaka sai ka ji Turawa sun cika tasha, Italiyanci, Sifaniyanci, ƙanenka da ke bayan gari bai shigo ba amma ga mutumin da ke ƙetaren teku raɗau. Sigina ce ke haurawa sama ta daki wani ɓangare na sararin samaniya ta dawo ƙasa can nesa, kuma abin na bin zagayen rana na kusan shekara 11, wanda ya kai ƙololuwa a wajen 2024. In sunka dame mu sai mu koma wata tasha da munka shirya tun a gida.

Abu ɗaya da na kafa ma ƙanena da yaran mota doka a kai, wannan ba waya ba ce, duk mai irin rediyon da ke kusa yana jin ku. Ba a faɗin kuɗi, ba a faɗin buhu nawa anka ɗauko, ba a faɗin sunan ƙauye ko lokacin tashi, muna da 'yan kalmominmu da munka ajiye ma wurare. In hadari ya haɗu da walƙiya ana kwance sandar, amma fa in an kwance ba mai danna makirfo sai an mai da ita, na ma liƙa takarda a jikin ta Kanta saboda yaran mota da son taɓe-taɓe. Notin gindin eriya kuma gargada na sassauta shi, duk ranar da za a duba mai da ruwa nakan sa sifana in ɗan matse, in leƙa wayar tagullar nan ko tsatsa ta fara cinta. Mitar awon da ma aro na yi, yanzu na ba da saƙo a sawo min tawa, don maƙwabcinmu mai tarakta ya riga ya ce a yi mai irin wannan kafin yankan rani, kuma tashi sai an yi dabara tunda rufin taraktar na roba ne ba ƙarfe ba.